Kakanmu ya yi yaƙin Bama: ta ina za mu fara da tsofaffin kaset ɗinsa?

Jikar Saje, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka. Kakanmu ya yi yaƙin Bama (ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu), ya rasu muna ƙanana, ba wanda ya rubuta komai daga bakinsa. Abin da ya rage mana kaset ɗin bidiyo uku ne na bikin gwaggonmu da wani taron suna, inda ya fito da lambobinsa a ƙirji, sai wani ɗan faifan majigi a gwangwani. Ɗaya daga cikin kaset ɗin ya yi fari-fari a ciki. Yaya za mu yi mu gano bataliyarsa da inda ya je?

Mai Gyaran Bidiyo, Kasuwar Barci

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. A ceci kaset ɗin tukuna. Wannan fari-farin fumfuna ce, laimar damina ke kawo ta. Kada ki sa shi a bidiyo, don zai toshe kan na'urar, ya shafa wa sauran, kuma inda zaren ya manne da juna zai tsinke. Ki ware shi a leda, a kai wa mai gyara ya buɗe ya goge zaren a hankali.

Sauran biyun, ki fara ɓalle ɗan harshen roba da ke bayan kowanne, don kada wani ya danna ɗauka ya share bikin. A gwada bidiyon da wani kaset marar amfani, a ga ba ya cin zare. Sannan a tura kaset ɗinku har ƙarshe, a dawo da shi farko sau ɗaya, zaren ya saki jiki.

Wajen juyewa ana buƙatar wayar nan mai kai uku (rawaya na hoto, fari da ja na sauti) da 'yar na'urar da ke haɗa ta da kwamfuta ta USB. A saita ta kan tsarin hoto na PAL, 720 a 576, hoto 25 a daƙiƙa, tunda shi muke amfani da shi a Najeriya. Idan aka bar ta kan tsarin Amurka, hoton zai fito ba launi ko ya riƙa birgima. Kaset mai E-180 awa 3 ne, kuma sai ya ci awa 3 ɗin nan cur. Kada a matse shi don ya shiga WhatsApp, matsewa ce ke cinye ƙananan abubuwa irin launin ƙyallen lamba. A ajiye babban kwafi wuri biyu.

Faifan kuma, ki buɗe gwangwanin ki sansana. In yana warin tsami kamar ruwan khal, ya fara ruɓewa, a hanzarta. Kada a sa shi a tsohon majigi, fitilar na iya ƙona shi, haƙoran su yayyaga gefensa. Ki dubi ramukan gefe: masu girma na 8mm ne na da, ƙanana na Super 8 ne, wanda bai fito ba sai 1965. In Super 8 ne, to ba hoton lokacin yaƙi ba ne.

Malam na Unguwar Rimi

Hajiya, mai gyara ya gama nasa. In an juye, ki tsayar da hoton inda ƙirjin tsohon ya fi fitowa, ki dubi ƙyallen da kowace lamba ke rataye a jiki. Ƙyallen lambar da ake kira Tauraron Bama ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. In akwai mai ruwan ƙasa da jan tsakiya, wannan Tauraron Afirka ne, wato ya yiwu ya fara da yaƙin Habasha, inda sojojin Najeriya suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. A kula, wasu sun ci gaba da aiki har Kwango a 1960 ko yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lambobin sun cakuɗe a riga ɗaya.

Runduna biyu ta Afirka ta Yamma suka je Bama. Ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo a kan rawaya, ita ta yi kwarin Kaladan. Ta 82 alamarta mashi biyu a gicciye cikin gammo. Sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945. Akwai kuma bataliya ta 6, ta 7 da ta 12 da suka shiga cikin 'yan Chindit, wata runduna ta musamman da Ingila ta tura Bama, a 1944. Sunaye daga wannan yaƙi suna tare da mu har yau: barikin Dalet da na Kalapanzin a nan Kaduna, Chindit a Zariya. Saboda haka ki kasa kunne sosai ga sautin kaset ɗin. Maroƙi ko sanƙira kan yi wa tsohon soja kirari, wani lokaci da sunan wurin da ya yi yaƙi, ko da a karkace ya faɗe shi.

Abin da na fi so ki gaggauta shi ne nuna wa tsofaffin gida. Ki zaunar da su ɗaya bayan ɗaya, kada a haɗa su, don in babbar ta faɗi suna sauran ba za su musa mata ba. Ki kunna naɗar murya a waya, ki rubuta minti da daƙiƙar kowace fuska. Dattawan da ke zaune kusa da shi a tabarma galibi abokan aikinsa ne, 'yan mazan jiya, kuma iyalansu na iya riƙe da takardar da ku kuka rasa.

Jikar Saje, Tudun Wada

Allah ya saka da alheri. Lambobin suna wurin kawunmu. Ashe za a ga sunansa a bayansu?

Ma'ajin Takardu, Kawo

A'a, Hajiya, taurarin da Ingila ta raba na wannan yaƙi ba a buga suna a jikinsu ba. Abin nema shi ne lambarsa ta aiki, mai farawa da NA. Ki duba takardar sallama, katin fansho, ko katin ƙungiyar tsofaffin sojoji. Suna kaɗai ba ya kai mutum ko'ina, don an rubuta da yawa da sunan garinsu, irin su Audu Kano ko Musa Bauci, wasu ma sun sauya suna ranar shiga don kada iyaye su hana.

Da lamba da bataliya a hannu, ki fara da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ki nemi fayilolin lardin da ya fito kan ɗaukar soja da sallamarsu. Ki leƙa Gidan Arewa a titin Rabah. Littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum yana ma'ajiyar Kew a Landan: jerin fayiloli mai lamba WO 172 na Bama, WO 173 na Afirka ta Yamma. Ba kasafai yake ambaton ƙaramin soja ba, amma zai nuna miki ƙauyen da bataliyarsa ta kwana da kogin da ta haye, rana da wata. Wanda aka ce sun tafi tare da kakanku bai dawo ba, a neme shi kyauta a shafin CWGC, hukumar kaburburan yaƙi, da suna ko lamba. Ki gwada rubutu iri-iri: Abdu, Audu, Awudu.