In sake gini a Kirkisoye ko in tashi? Ina neman shawara kafin damina

Baban Ramatu: Assalamu alaikum ƴan uwa. Gidanmu na gado yana Kirkisoye, Harobanda, hayin gulbi a Yamai, ginin ƙasa ne. A daminar 2024 ɗaki biyu suka zube, Allah Ya tsare ba kowa ciki. Ba gulbi ne ya shigo mana ba, ruwan sama ne ya kwanta tsakar gida kwana huɗu har gindin katanga ya narke. Tun lokacin muke matse a ɗaki guda da rumfa, ni da iyali da tsohuwata. Da ɗinki da adashe na haɗa miliyan ɗaya da jika ɗari biyu. Ko dai in cike filin in ɗaga tushe da siminti in tada ɗaki biyu, ko in sayar in nemi fili kan tudu wajen hanyar Walam, mu zauna haya kafin in iya gini. Inna ta ce ita ba inda za ta, nan aka kawo ta amarya. Wanda ya taɓa bin ɗaya daga cikin biyun ya gaya mini yadda ta kaya.

Elhaji Mai Taya: Wa alaikumus salam. Tashi kawai. Ka sayi fili babba kan tudu, ka zuba dakali, ka yi sama da ƙasa. Ni haka na yi, yanzu ko hadari bai dame ni ba.

Sani Gamkalle: Elhaji, miliyan ɗaya da ƴan kai ya ce, ba goma ba.

Maman Zainabu: Baban Ramatu, ka saurare ni, ni na gani da idona. Mu a Lamorde muke, nan Harobanda, lokacin da madatsar bakin gulbi ta ɓalle a Satumbar 2020. Namu gidan ma ba na ƙasa ba ne, bulo ne da siminti, maigida ya ɗaga bakin ƙofa har taki uku, maƙwabta suna cewa ya cika tsoro. Ruwan bai nemi ƙofa ba. Ta ramin banɗaki ya fara tasowa, baƙi ƙirin, kafin na ɗaure kayan yara ya kai mini gwiwa. Na ɗora ƙaramar a cikin babban baho ina turawa, surukata na riƙe da zanena tana salati. Buhun gero huɗu, keken ɗinkina, takardun lakol na yara, tumaki biyu da ke ɗaure a turke ban samu kwance su ba. Har yau kukansu bai fita kunnena ba.

Aka zuba mu a ajin makaranta, iyali shida a ɗaki guda, sauro kamar a kwashe da kwano. Cikin sati biyu zazzaɓi ya kwantar da yarana uku. Sau uku aka zo aka rubuta sunayenmu, sau uku ina zuwa wurin rabo a ce ba sunana, ga wasu da ko digon ruwa bai taɓa gidansu ba suna fita da shinkafa a ka. Surukata ba ta ƙara lafiya ba, kafin ruwan ya janye sarai ta rasu. Ita ma cewa take ba inda za ta. Ka ɗauke Inna ko tana kuka.

Hadiza Talladje: Allah Ya jiƙan ta, Yaya. Maganar sunaye gaskiya ce, ƙanwata ma haka aka yi mata.

Sani Gamkalle: Allah Ya gafarta mata. Yanzu kuna ina?

Maman Zainabu: Haya, shekara ta biyar ke nan. Filin yana can, ba mai saye da daraja. Wanda ya taya ko rabin kuɗin ginin bai kai ba.

Mushe Idi: Allah Ya ba da haƙuri, Hajiya. Amma a rarrabe, abin da ya same ku daban, na Baban Ramatu daban. Kogin Isa, wato Kwara, sau biyu yake cika a Yamai a shekara. Akwai ruwan da ke tasowa tun daga tsaunukan Gine ya ratsa Mali, shi sai lokacin ɗari yake iso mana, a hankali. Mai ɓarnar shi ne jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Gorwal ke kwararowa daga wajen Burkina. A 2020 ma'aunin Yamai ya kai santimita 700, alhali daga 620 ake shelar haɗari mafi girma. An sare itace a dazukan can, ƙasa ta zama faƙo, ruwa ba ya nutsewa sai gudu, yana tafe da rairayi yana cike cikin gulbin. Shi kuwa Baban Ramatu ruwan sama ne da ya rasa hanyar fita. In ya cike fili ya fi titi tsawo ya yi magudana, zai iya zama.

Baba Sarko: Mushe, da allo ka san gulbi ko da jirgi? Shekarata sittin da ɗoriya a bakin ruwan nan. Inda mahaifina ke kafa gora ba ta taɓa ƙasa, yau da rani yaro na takawa da ƙafa. Wannan ka yi gaskiya. Amma cewa ruwan sama daban na gulbi daban, a ƙasan Harobanda maganar takarda ce. In gulbi ya cika, ruwan ƙasa tasowa yake, ka tona kamu biyu ka same shi. Ina magudanar za ta kai ruwan? Ruwa ba ya mance hanyarsa.

Mushe Idi: Baba, ban musa ba. Sai dai ba duk Kirkisoye ce kwari ba, sai an ga filin.

Garba Magini: Ku bar masu aikin su yi magana. Na tada gida ya fi ashirin a hayin can. Tushe na dutse da siminti, sahu biyar na bulo cikakke kafin a fara katanga, a cike ciki da jar ƙasa a daddale. Siminti gwamnati ta rage kuɗinsa a Oktoban 2024, ta sa ton jika 55. Ɗaki biyu da kwano, jika ɗari tara ta ishe ka.

Hadiza Talladje: Malam Garba, wane shago? Mu mun saya sama da haka, mai shagon ya ce kuɗin mota ne. Ɗaki guda da falo ya ci mana miliyan biyu, ko shafe ba a yi ba.

Garba Magini: To magininku ya ci ku.

Elhaji Mai Taya: Jika ɗari tara ko kuɗin ƙarfe da rairayi ba ta biya. Kamiyon jar ƙasa nawa ne yanzu?

Sani Gamkalle: Ni jika 35 na biya bara.

Garba Magini: 25, in ka san direba.

Ɗan Gobir: Ni dai shawarata, Baban Ramatu ya sayi jirgi ya ɗaure a ƙofar gida. Ga Zabarmawa nan maƙwabta, dama bayinmu ne, su riƙa tuƙa Inna zuwa kasuwa.

Baba Sarko: Bagobiri da ko a kwatarniya nutsewa yake! Ka zo in koya maka iyo tukuna.

Maman Zainabu: Ku yi dariyarku. Ranar da aka fitar da mu, kwalekwalen masunta ne ya kwashe tsofaffin layinmu.

Ɗan Adar: Ni daga Tawa nike biye da ku. Kada ku ɗauka tudu shi ne tsira. Wani ɗan uwana ya sai fili da rani, wuri sumul, ashe tsakiyar hanyar ruwa ne, mai saidawa ya sani ya yi shiru. Ruwan farko mai ƙarfi ya tafi da katanga duka. A 2024 ina gulbi a Damagaram? Amma tsohon masallacin garin na ƙasa da ya haura shekara ɗari da hamsin ya faɗi. Har komawa lakol sai da aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba don mutane na kwance cikin azuzuwa. In za ka sai fili, bari sai Agusta, ka tafi washegarin ruwa ka taka shi da ƙafarka.

Baban Ramatu: Na gode ƙwarai. Matsalar, in na jira Agusta, a rumfar nan za mu sake yin damina, kuma katangar ɗakin da ya rage ta fara tsagewa daga ƙasa, yatsana yana shiga. Malam Garba, filin namu ya fi titi zurfi da kamar taki biyu. Kamiyo nawa zai ci?

Hadiza Talladje: To nan ne maganar! Kowa ya cike nasa ya ɗaga, ruwan ya tafi ina? Gidan talakan da ke gefe. Maƙwabcinmu ya zuba kamiyo takwas, ya juyo bututunsa saitin katangarmu. Mun kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce a yi haƙuri, zumunci.

Sani Gamkalle: Ga kuma kaniwo, magudanar bakin titi. Na layinmu tun yaushe rabon da a yashe shi? Leda, toka, tsohuwar katifa, har mushen akuya. Hadari na haɗuwa sai ka ga an fito da bokitin shara ana jira ruwa ya kwashe.

Hadiza Talladje: Kar a ɗora wa mata kaɗai. Mai amalanken shara jika biyu yake karɓa a wata, ya kwasa ya je bayan layi ya juye cikin kaniwon. Na kama shi da idona.

Mushe Idi: Samarin unguwarmu sun yashe namu da gayya kafin daminar bara. Abin da aka fitar ya yi wata a bakin titi ba motar kwashewa, ruwan farko ya maida shi ciki.

Elhaji Mai Taya: Jika biyu? Mu jika uku muke biya, kuma sai ya yi sati bai leƙo ba.

Baban Ramatu: Malam Garba, kana nan? Maganar kamiyon.