Idan mai kulob ya rasu, ina aka dosa?

Wasu da suka tattauna batun gadon kulob ɗin wasanni sun haɗu a kan abu guda: mai kulob ya rubuta sunan magajinsa tun yana raye, mutum ɗaya mai yanke hukunci. Pat Bowlen, mai Denver Broncos, kulob ɗin ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, bai yi haka ba: ya bar zaɓin a hannun amintattu, ya rasu a 2019, 'ya'yansa suka kasa daidaitawa, aka sayar da kulob ɗin a 2022 kan dala biliyan 4.65.

Haraji ma na karya iyali. A Amurka harajin gado yana kai kashi 40 cikin ɗari, ana biyansa cikin wata tara, dukiyar kuma ba tsabar kuɗi ba ce. Shi ya sa suka ce a tanadi inshorar rai, ko a sayar da ƙaramin kaso tun da wuri. A NFL kuwa, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da Broncos ke ciki, ciniki ba ya faɗawa sai masu kulob 24 cikin 32 sun amince.