"Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare": ya dace da walimar shekara 50 da aure?

Ɗan Kakuri: Assalamu alaikum. Iyayenmu sun cika shekara 50 da aure. A 1975 aka ɗaura shi, jim kaɗan bayan hawan Janar Murtala mulki. Za mu yi walima da saukar Alƙur'ani, kuma ni aka ɗora wa yin jawabi a madadin 'ya'ya. Na so in buɗe da "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare", amma babbar yayarmu ta ƙi, wai kamar ana cewa daɗin auren ya ƙare ne, gaya kawai ake tusawa. Don Allah ku raba mana gardama.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara musu lafiya da zuri'a ɗayyiba. Yayarku ta ɗauki miya a matsayin ƙauna, alhali ba nan karin ya dosa ba. Miya ita ce abin da ke jawo mutane: kuɗi, mulki, lafiya, ƙuruciya. Muddin tana nan, kowa maci tuwo ne. Ranar da ta ƙare ake gane wanda ya zo don tuwon. Shi ya sa aka fi jin sa a kan abokai da 'yan siyasa, idan mai gida ya sauka daga kujera zaurensa ya zama wayam. A kan ma'aurata kuwa yabo ne babba.

Hajiya Bazazzagiya: Malam, ma'anar da kuka kawo daidai ce, amma ni ina bayan yarinyar nan. Karin magana yana da mazauni. Ka miƙe gaban surukai da maƙwabta ka ce miya ta taɓa ƙarewa a gidan ubanka? Uwar da ta shekara hamsin tana rufa wa mijinta asiri, ranar farin cikinta a tona? Mu a zamaninmu ko tukunya ba a ɗora ba, sai ka ga an hura wuta don kada maƙwabta su gane.

Ɗan Kakuri: Hajiya, na ji maganarku, kuma ta shige ni. Sai dai abin ba ɓoyayye ba ne a unguwarmu. Baba ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri da ke Kaduna. Da ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata a lokacin, wanda ake kira Udoji, ya haɗa lefe, har ya sayi keke da rediyo. Daga 1986 da gwamnati ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, albashi ya daina kai wata, daga baya masaƙar ta rufe, aka sallame su ba tare da haƙƙinsu ba. Inna ta sayar da 'yan kunnenta na zinare da tasoshin jerenta, ta kama suyar ƙosai a ƙofar gida, da shi muka yi karatu. Danginta sun zo tafiya da ita, ta ce ba inda za ta. Bayan shekaru ita kuma ta samu shanyewar ɓarin jiki. Baba ne ke ɗaga ta, shi ke yi mata alwala, shi ke ba ta abinci a baki, ga mu da matanmu amma ya ce aikinsa ne. Su biyun nake nufi da maci tuwo.

Maman Biyu: Allah ya saka wa Baba da alheri, wallahi na yi ƙwalla. Amma ku bar ni in faɗi abin da ke damuna. Irin waɗannan karin maganar a kan mata ake sauke su. Mace ta kawo ƙara gida, ba cefane, ba sutura, ga duka, sai a ce koma, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Miyar da ƙaddara ta ƙarar daban, wadda miji ya hana da gangan yana da hali daban. Ciyarwa wajibi ce a kansa, kuma aya ta 229 a Suratul Baƙara ta ce ko riƙo da alheri ko rabuwa da kyautatawa. Wadda ta fita daga zalunci ba za a ce don miya ta zo ba.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne, 'yar uwa. A nan Nijar mun ga namu a Janairun 1994, da aka karya darajar sefa ta koma rabi. Magidanta da yawa suka tafi cirani, mata suka riƙe gidaje. Wasu mazan sun dawo da abin hannunsu suka tuna, wasu kuwa amarya suka fara nema. Ɗan Kakuri, me zai hana ka ce "tsohuwar zuma da ita ake magani"? Ba tonon asiri a ciki.

Malamin Hausa: Yana da daɗi, amma kirarin uwargida ne, kuma an fi yin sa idan amarya ta shigo ana lallashin ta gida. Inna kaɗai zai yaba, ya bar Baba, alhali jinyar nan ita ce abin da maza suka fi buƙatar ji.

Hajiya Bazazzagiya: To ɗana, tunda haka ne ga shawarata. Ka sami Inna ita kaɗai a ɗakinta ka nemi izini, don asirin nata ne. In ta yarda, kada ka ambaci danginta da suka zo ɗaukarta, wataƙila wasunsu suna wurin. Batun ƙosai ka taɓa shi a taƙaice. Batun alwalar nan kuwa ka faɗe shi da ƙarfi a ɓangaren maza, samarin da ke shirin aure su ji da kunnensu.

Maman Biyu: Kuma a bar yayar taku ta yi magana a ɓangaren mata. Ita ta fi ku sanin abin da Inna ta haɗiye a shekarun nan.