"Kaya ya tsinke a gindin kaba": sa'a ce ko sakaci?

Mai Akori-kura: Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta haɗa ni da yayana shekaranjiya, har yanzu gaisuwa kawai ke tsakaninmu. Muna da akori-kura ta haɗin gwiwa, shi ke tuƙa ta. Wata uku ke nan ya ɗora mata tankin ruwa mai lita 1000, ya ƙara da janareta da injin walda, kuma ba a sauke su ko da dare. Tun daga nan bayanta ya zauna, sifirin, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin bayan, ya miƙe sambal babu sauran lanƙwasa, fitila sama take haskawa har masu tahowa suna yi mana tsiya. Na ce, "Yaya, ko a ƙara mata ƙarfi a baya ko a rage kaya, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba." Ya yi banza da ni. Shekaranjiya falle ɗaya na sifirin dama ya karye, kuma Allah da ikonSa a bakin garejin masu gyaran sifirin. Sai ya kira ni yana dariya wai kaya ya tsinke a gindin kaba. Na ce wannan maganar ba muhallinta ba ne, ya ce ni yaro ne ban san Hausa ba. Don Allah wa ke da gaskiya?

Tsohon Direba: Wa alaikumussalam. Yayanka ke da gaskiya, ɗana. Ɓarna ta auku inda maganinta yake, shi ke nan. Daidai take da faɗuwa ta zo daidai da zama. Ka gode wa Allah ba a tsakiyar daji da dare ba ne.

Malamar Aji Uku: Baba, ni ban ga daidai suke ba. Mai faɗuwar da ta zo daidai da zama da ma zaman yake so. Mai kayan da ya tsinke kuwa bai so tsinkewar ba, sauƙi kawai ya samu. Kuma ni "kaya sun tsinke" na taso ina ji.

Tsohon Direba: Malama, ɗauri guda ne a ka, "ya tsinke" ne.

Bakanike: Ku bar batun "ya" da "sun" tukuna. Ɗan'uwa, lita 1000 na ruwa kilo 1000 ne cif, ban da nauyin tankin kansa. Irin su Hilux abin da aka yi su su ɗauka wajen tan ɗaya ne, kuma direba da duk wanda ke zaune a ciki suna cikin lissafin. Ka ga ruwan kaɗai ya kusa cinye rabon motar kafin janareta ya hau. Ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ko littafin motar, za ka ga iyakar nauyin motar gaba ɗaya da iyakar abin da aksil na baya, wato ƙarfen da tayoyin baya ke maƙale a jikinsa, zai ɗauka. Idan an ƙara falle a sifirin, ko an canza shi duka da mai kauri, ko an sa balan-balan ɗin iska tsakanin aksil da shasi (ƙarfen da bodin motar ke zaune a kai), bayan zai tashi, motar ta daidaita, sitiyari ya daina yawo. Amma lambar nan da ke jikin ƙofa ba ta ƙaru da kilo ko ɗaya ba. Aksil na nan yadda yake, haka birki, haka taya. Gammo ka ƙara wa kauri, wuyan dai shi ne.

Mai Akori-kura: Ai shi cewa ya yi sabon shoka kawai za a sa, a yi wa fallen walda.

Bakanike: Innalillahi. Shoka ba ya ɗaukar kaya, aikinsa ya kashe tsallen da sifirin ke yi. Walda kuma zafinta kashe ƙarfen sifirin yake, zai sake karyewa a gefen ɗinkin. Ku canza ɓangaren dama da hagu tare, ku sa sababbin ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksil, kada a mayar da tsofaffin, bayan 'yan kwanaki a sake ɗaure su.

Jikar Inna: Ku ba ni dama in shigo, don maganar nan ta tuno mini da kakata, Allah Ya jiƙanta. Tana ba mu labari lokacin tana amarya ita da kishiyarta suke zuwa itace. Kishiyar ta fi ta ƙarfi, ɗaurinta ya fi girma, amma sau da yawa a fili fetal igiyarta ke tsinkewa, itace ya watse, ta zauna tana tsinta rana na dukanta. Inna kuwa duk ranar da tata ta tsinke, sai ka ga kaba na nan kusa da ƙafarta. Har mutanen gida suka fara cewa tana da wani abu. Sai da muka girma wata rana ina tsefe mata kai na ce, "Inna, wai da gaske sa'a ce?" Ta ce, "Ke 'yar nan, igiya ba ta tsinkewa ba ta yi magana ba. Sai ta fara ƙas-ƙas a saman kanki, ɗaurin ya fara zamewa gefe ɗaya. Ni da na ji haka nake barin hanyar kowa in bi ta inda na san akwai kaba, ko da ta fi nisa. Ita kuwa sai ta ƙara sauri." Ba ta tsaya nan ba, ta ce haka kakanmu ya yi da jakinsa. Bayan jakin ya fara gyambo saboda nauyin mangala, sai ya ninka masa akumari. Jaki ya daina ɗaga kai idan ana lodi, shi kuwa ya ɗauka ƙarfi ya ƙaru, ya ƙara kaya. Ranar da abin zai faru ba bayan ba ne ya gaza, ƙafar gaba ce ta lanƙwashe a gangare, jakin bai sake tashi ba. Inna ta ce kwana uku kakanmu bai yi wa kowa magana ba, kuma har ya rasu akumarin na rataye a zaure bai bari an taɓa ba. Ni tun daga ranar idan na ji karin maganar nan, mai lura nake gani, wanda ya ji ƙas-ƙas ya nufi kaba.

Malamar Aji Uku: Allah Ya jiƙan Inna. Jikar Inna, wallahi jikina ya yi sanyi da batun akumarin nan.

Tsohon Direba: Allah Ya gafarta mata, ta san duniya. Amma 'yata, wannan fassarar Inna ce. Bahaushe bai ce an kai kaya gindin kaba ba, cewa ya yi ya tsinke a can. Da dabara yake nufi da ya faɗa.

Ɗan Gwagwarmaya: To ai mu ne jakin. Shekara huɗu ana lafta mana mangala, idan zaɓe ya matso a zo a ninka mana akumari, mu yi shiru, a ƙara kaya.

Yaron Mota: Hahaha! Su kuwa kayansu kullum a gindin kaba yake tsinkewa. Yau a ce ana bincikensa, gobe ka ji ya sauya jam'iyya, igiya sabuwa fil.

Ɗan Gwagwarmaya: Kuma ramukan da suka bari a titi su ke karya rabin sifirin da ake ɗora wa direbobi laifinsu.

Bakanike: Rami na karya sifirin, ban musa ba, amma wanda ya riga ya miƙe yake fara karyawa. Labarin jakin nan ma shi nake son Mai Akori-kura ya kai wa yayansa. Idan sifirin ya yi ƙarfi mota ta daina nuna gajiya, sai a manta da taya. Ku duba lambar da ke gefen taya bayan girmanta: idan 112 ce, kilo 1120 ne iyakarta, kuma sai iska ta cika yadda aka ce. Sannan tsofaffin akori-kura da yawa suna da wani bawul a baya mai sanda haɗe da aksil, yana auna yadda bayan ya zauna ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka ɗaga bayan ba ka saita shi ba, sai ya ɗauka motar wayam take. Tankin kuma a matsa da shi gaba ya jingina da kan motar. Nauyin da ya wuce tayar baya ɗaga gaba yake yi, kuma idan aka haɗa da balan-balan da aka cika wa iska, shasi kan lanƙwashe a tsakanin kai da bodi. Na ga wadda ta yi haka, kamar an karya rake a gwiwa.

Jikar Inna: Malam, ruwan da ke rabin tanki fa? Na ga yana jijjiga mota a kwana.

Bakanike: Ya fi cikakke haɗari, Hajiya, don gefe ɗaya yake komawa gaba ɗaya.

Malamar Aji Uku: Ni har yanzu ina kan tambayata. Idan mutum shi ya jawo tsinkewar, yana da bakin da zai faɗi maganar da kansa? Ni a ganina wani ne ke faɗa maka ita, don ya taya ka murna.

Tsohon Direba: Wannan kuma sabuwar doka ce, Malama. Mun sha faɗa wa kanmu a hanya.

Mai Akori-kura: Na gode ƙwarai. Na tura wa Yaya labarin Inna, ya karanta bai ce komai ba. Yanzu dai ya aiko yaro wai in duba masa lambar da ke jikin ƙofa, motar na gareji ni ne kusa.

Yaron Mota: Ka duba mana har ta tayar. Baba Tsohon Direba, shin "tsautsayi ba ya wuce ranarsa" ba ta fi dacewa a nan ba?

Malamar Aji Uku: Kai don Allah kada ka buɗe mana wata. Jikar Inna, kishiyar fa, ta taɓa gane sirrin?