Ƙarancin garkuwa ne ya kwantar da su, ko murar ce ta cinye garkuwar?

Malam Garba: Salamu alaikum jama'a. Jiya na faɗi wata magana, Dokta ta girgiza kai, sai aka kira salla muka watse. Cewa na yi mutanen da murar aladu ta 2009 ta kai ɗakin gobe-da-nisa, dama can akwai giɓi a jininsu, wato ƙarancin sinadarin kariyar nan IgG2. Ba da ka na yi maganar ba. Likitocin asibitin Austin da ke Melbon a Ostareliya ne suka fara ganin haka a jikin majinyaci guda, sai suka auna mutum 39, 19 masu tsanani, 20 masu dama-dama. Na masu tsananin ne ya fi yin ƙasa.

Dokta Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam, awon na yarda da shi, "dama can" ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Yaushe aka ɗebi jinin? Sai da mutum ya kwanta, bututu a maƙogwaro, ana ta ɗura masa ruwa leda bayan leda. Jinin mai irin wannan hali komai nasa sauka yake yi, har sinadarin albumin, wani furotin da ke cikin jini. Ba wanda ya auna su suna da lafiya.

Malam Garba: Ai sun sake aunawa, ranki ya daɗe. Bayan kamar kwana 90 aka ɗebi jinin mutum 15 daga cikin masu ƙarancin da suka tashi. Albumin ya dawo wa yawancinsu, amma 11 suna nan da ƙarancin IgG2. In ciwo ne ya jawo, me ya hana shi tafiya da ciwon ya tafi?

Dokta Hadiza: Wannan hujja ce, ban musa ba. Sai dai mutum 15 ne fa, Malam. Kuma wanda ya sha na'urar numfashi, wata uku bai isa a ce ya koma yadda yake ba.

Auwal: Anti Dokta, ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. An koya mana IgG2 ya fi ƙwarewa kan bakteriya masu rigar sukari, irin mai kawo limoniya. Mura kuwa bairos ce. Ina haɗin biri da gada?

Dokta Hadiza: Madalla da ɗan Anti. Mura kan ɓarke hanyar numfashi, bakteriya ta biyo sahu ta ƙarasa huhun, ta nan maganar Malam za ta iya samun gindin zama. Amma masu bincike a Hong Kong su ma sun ga ƙarancin nan a masu tsanani, suka danganta shi da hargitsewar sinadaran da ke ba garkuwar jiki umarni lokacin ciwo. Ka ga ke nan ciwon ne gaba.

Yaya Ladi: Ku dai kun tsallake mata. A cikin 19 ɗin nan, 7 masu juna biyu ne. An kuma auna masu ciki 17 lafiyayyu, aka tarar 10 garkuwar tasu ta ɗan ja baya ba tare da wata mura ba. Su kam kafin ciwo ne, Dokta. Ni da nake ɗakin awo kullum, mai ciki wata takwas in ta shigo tana haki da zazzaɓi, ba na ce mata mura ce, je ki sha citta.

Dokta Hadiza: Nan kin kama ni, Yaya. Amma su kansu masu binciken cewa suka yi hakan na iya bayyana tsananin ciwon a wasu masu cikin, ba duka ba.

Malam Garba: To na janye "dama can" ga kowa da kowa, na bar ta ga masu ciki. Su 11 ɗin nan dai har yanzu ba ki ba ni amsar da ta gamsar da ni ba.

Yaya Ladi: Ku ci gaba, ni aikin dare gare ni, sai na leƙo da asuba.