Tsoron faɗuwa ya hana ni cika juyin 360 a wasan zamiya

Assalamu alaikum, masu wasan zamiya kan dusar ƙanƙara. A Kalgari ta ƙasar Kanada nake koyo. Juyin digiri 180 (rabin zagaye a sama) a ƙaramin tudun tsalle ya zauna mini, amma 360 (cikakken zagaye) ya gagara tun da na faɗi a kan kafaɗa.

A taramfolin, wato shimfiɗar tsalle mai cilla mutum sama, ina cika juyin lafiya lau, haka ma a katifar iska. Kan ƙanƙara kuwa, da na doshi bakin tudun sai gabana ya faɗi, ƙafafuna su buɗe su ci birki da kansu. Gudun ya ragu, jikina ya koma baya. A sama hannuwana su baje, juyin ya tsaya wajen 270, in dira a karkace tun kafin gangaren sauka. Abin takaicin, birkin nan shi ke kayar da ni, kuma na sani.

Na sa hular kwano da kariyar baya, na koma tsalle miƙe ba juyi, na jira ranar da dusar ta yi taushi. Duk a banza.

Wane atisaye ne zai hana ƙafafuna cin birki a bakin tudu? Na gode.