Wasan neman ɓoyayyun abubuwa a kwamfuta: wanne ya dace da dattijuwa?

Mazaunin Gwale:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata, wadda ta yi ritaya daga aikin koyarwa, ta daɗe tana buga wasan karta na Solitaire a tsohuwar kwamfutata, amma ta fara gajiya da shi. Ina neman shawara a kan wasannin da ake ɓoye abubuwa cikin hoto a ce a nemo su, musamman waɗanda ba sa buƙatar intanet, domin data ta yi tsada.

Malama daga Tarauni:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ka nema mata Mystery Case Files na kamfanin Big Fish Games, wanda ya fara fitowa a 2005. Ana nuna ɗaki cike da tarkace, a jera sunayen abubuwa kamar makulli ko almakashi, sai mai wasa ya danna kowanne idan ya hango shi. Da Turanci aka rubuta sunayen, amma wannan ba zai gagari tsohuwar malama ba.

Mai gyaran kwamfuta a Farm Centre:
Alhaji, ka kula da inda za ka sauke shi, domin kwafin sata yakan zo da manhajar da ke lalata na'ura. Haka kuma wasu abubuwan ƙanana ne ƙwarai, don haka ka ƙara hasken allo saboda idanunta. Wani wasan irin wannan mai suna June's Journey yana da kyau, sai dai yana buƙatar intanet.

Mazaunin Gwale:
Na gode ƙwarai. Zan gwada na farkon ranar Asabar, idan an kawo wuta.